Ɗan ƙanena ya yi suna a ƙwallo, yana neman katin bankinsa da fasfonsa: shin dole in ba shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mazaunin Aboabo ne a nan Kumasi, ina sayar da takalma a kasuwar Kejetia. Ƙanena ya rasu ya bar yaro ɗan shekara 7 da ƙanwarsa, bai bar dukiya ba, ni na ɗauke su. Ni na sa yaron makarantar allo da ta boko, ni na saya masa takalmin ƙwallo na farko, ni nake biyan kuɗin mota duk ranar da ƙungiyarsu ta yaran unguwa za ta fita wasa. Yanzu shekararsa 20. Allah ya ɗaga shi, yana buga wa wata ƙungiya a babbar gasar ƙasa, ana nuna shi a talabijin, yara suna kiran sunansa a titi. Tun da ya fara karɓar albashi katin bankinsa yana hannuna, haka fasfonsa, kuma ɗana ne yake riƙe da shafukansa na Facebook da TikTok. A watan jiya ya same ni, ya durƙusa, ya ce yana so in mayar masa da waɗannan abubuwa. Na kawo masa wani wakili da ya ce zai kai shi Turai, ya ƙi sa hannu, wai sai lauya ya karanta takardar. Tsakani da Allah ba ya shaye-shaye, yana salla, kuma daga ɗan abin da nake yaga masa ya tara ya gyara wa mahaifiyarsa rufin ɗaki. Amma ya sayi waya mai tsada bai shawarce ni ba. Mutanen unguwa suna cewa ya butulce, abokaina sun ce in shiga rediyo in faɗa wa duniya irin wahalar da na sha a kansa. Malam, ba Annabi ya ce kai da dukiyarka na mahaifinka ne ba? Ni ne a matsayin mahaifinsa. Kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shin ya halatta in ci gaba da riƙe masa har sai ya yi aure?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan shekara 13 da ka yi kana riƙon marayu. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna yatsunsa biyu, manuniya da ta tsakiya, ya ce shi da mai riƙon maraya kamar haka suke a Aljanna. Ina yi maka kwaɗayin wannan matsayi, kuma saboda shi ne ba zan rufe maka gaskiya ba. Bisa abin da ka rubuto da hannunka, bai halatta ka ci gaba da riƙe katinsa da fasfonsa da shafukansa ba bayan ya nema. Wajibi ne ka mayar masa. Neman da ya yi ba butulci ba ne, ba kuma saɓa wa iyaye ba ne. Shiga rediyo don ka tona shi kuwa haramun ne.

Mas'alarka tana cikin Alƙur'ani kusan kalma da kalma. A aya ta 6 cikin Suratun Nisa'i Allah ya ce ku jarraba marayu, har idan sun kai munzalin aure, in kun ga shiriya a tare da su, to ku miƙa musu dukiyoyinsu, kada ku ci su da almubazzaranci da gaggawa don gudun kada su girma. Ka lura da kyau, ayar ba ta ce sai sun yi aure ba, cewa ta yi idan sun kai munzalinsa, wato balaga. Saboda haka sharaɗin da ka gindaya na sai ya yi aure ba shi da tushe. Sharaɗi biyu ne kawai, balaga da rushdi, wato shiriyar da ayar ta ambata. Balaga ba ta buƙatar dogon bayani: a mazhabar Malikiyya da muke kai, ko da babu wata alama da ta bayyana, wanda ya cika shekara 18 ya balaga a mashahurin zance. Dokar yara ta Ghana ta shekarar 1998 ma a nan ta tsaya, yaro shi ne wanda bai kai 18 ba.

Saura rushdi, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna ɗauka rushdi shi ne yaro ya riƙa yin duk abin da babba ya ce. Malamanmu na Malikiyya sun fassara shi da iya tsare dukiya da sanin yadda ake juya ta, kada a cuce shi a ciniki, kada ya watsar da ita a banza. Shafi'i ya ƙara da kyawun addini. To mu auna ɗan ƙanenka da ma'aunin biyun, kuma da shaidarka, ba da tawa ba. Ka ce yana salla, ba ya shaye-shaye. Ka ce daga ɗan abin da kake ba shi ya tara ya yi wa mahaifiyarsa rufi. Ka ce ya ƙi sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Alhaji, ayar ta ce a jarraba, ga shi an jarraba ya ci. Wannan ƙin sa hannun da ya ɓata maka rai, ni a wurina shi ne hujja mafi ƙarfi a kan hankalinsa. Mun san 'ya'yan zango da aka sayar da fili ko aka ci bashi domin su, wani mai daɗin baki ya ɗauke su da sunan gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, ya zube su a masauki ya kashe waya. Yaron da ya ce tsaya a karanta, ya hango abin da wasu manya ba su hango ba.

Wayar mai tsada ba wauta ba ce a ma'anar shari'a. Safaha, wadda aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana a ba mai ita dukiya, ita ce mutum ya riƙa zubar da kuɗi a caca da sha'awa, ko a riƙa yi masa wayo a kasuwa yana dariya. Saurayi mai albashi da ya sayi waya da guminsa, wadda da ita yake magana da kocinsa yake kallon wasanninsa, bai shiga wannan babi ba. Kana iya ganin ya yi tsada, kana iya faɗa masa. Amma da za a ƙwace wa kowa dukiyarsa saboda ya sayi abin da baffansa bai so ba, da babu mai shago a Kejetia da zai kwana da makullinsa.

Hadisin da ka kawo, "kai da dukiyarka na mahaifinka ne", Ibn Majah da waninsa sun ruwaito shi, kuma malamai da dama sun inganta shi. Sai dai Malik da Abu Hanifa da Shafi'i ba su fahimce shi da cewa uba ya mallaki dukiyar ɗansa ba. Sun ce uba yana ɗaukar gwargwadon buƙatarsa ne idan ya rasa. Dalili a fili yake: idan ɗa ya rasu ya bar 'ya'ya, Allah ya yanka wa ubansa sudusi, kashi ɗaya cikin shida. Da dukiyar tasa ce tun asali, da ba a ba shi gado daga cikinta ba. Imam Ahmad ne ya faɗaɗa, shi ma da sharaɗin kada a cutar da ɗan, kada kuma a ɗauka daga wannan ɗa a ba wani. Sannan duk wannan a kan mahaifi ne wanda ya haifa. Baffa yana da girma babba, zan zo kansa, amma babu mazhabar da ta ba shi hannu a aljihun ɗan ƙaninsa baligi mai hankali. A asalin mazhabarmu ma, mai jiɓintar dukiyar yaro shi ne uba, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali. Malaman baya ne suka sassauta suka ce inda al'ada ta gudana cewa mutum yana mutuwa bai yi wasiyya ba saboda ya dogara da ɗan'uwansa, ana ɗaukar ɗan'uwan kamar wasiyyi. Da wannan sassaucin riƙonka na baya ya inganta. To wasiyyi kuwa shi ne ainihin wanda ayar take cewa ya miƙa.

Na san abin da yake cin ranka, ko da ba ka faɗe shi a sarari ba: shekara 13 na tuwo da kuɗin makaranta da kuɗin mota, shi ke nan sun tafi? Ba su tafi ba, suna wurin Allah. Amma a hukunce ba bashi ba ne a wuyan yaron. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya ciyar da ƙaramin yaro ba ya komawa ya nemi a biya shi sai idan yaron yana da dukiya a lokacin ciyarwar, mai ciyarwar ya san da ita, kuma ya rantse cewa ya ciyar ne da niyyar a mayar masa. Kai ka ce ƙanenka bai bar komai ba. Ke nan abin da ka kashe sadaka ce da sada zumunci, kuma aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi kashedi kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Ka dubi shawarar da abokanka suka ba ka da idon wannan aya. Ka zauna gaban makirufo ka ƙirga wa mutanen Asawase da Sawaba da Tafo kwanon tuwon da maraya ya ci a gidanka, wannan shi ne gori tsantsa. Za ka rushe ginin shekara 13 a cikin rabin awa. Allah ya yi wa wanda aka zalunta izinin ɗaga murya a aya ta 148 ta Suratun Nisa'i, amma wanda aka nemi ya mayar da amana ba a zalunce shi ba. Kuma ɗan ƙwallo da sunansa yake cin abinci. Ƙungiyar da take son sayensa tana bincike, idan ta tarar da rigimar dangi a intanet sai ta koma kan wani. Manzon Allah ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda yake a Muwaɗɗa.

Aikin da ka yi masa bayan ya fara samu, zirga-zirga da rufe shago don ka raka shi da magana da mutane a madadinsa, wannan daban ne. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i da kanta ta ce mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani. Idan ka ci daidai wahalarka kana mabuƙaci, babu laifi. Idan kuma nan gaba ya ga dama ya ɗauke ka ko ɗanka aiki da lada sananniya, ya halatta, matuƙar shi ya zaɓa kuma yana da ikon ya sauya.

Maganar shafukan nan ina so ka ɗauke ta da nauyi, don mutanenmu suna raina ta. Idan ɗanka ya rubuta magana da sunan yaron alhali bai faɗa ba bai kuma yarda ba, an jingina masa abin da bai ce ba, wannan ƙarya ce. Idan ya buɗe saƙonnin da ake aiko masa a asirce ya karanta, ya faɗa cikin binciken asirin da aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana. Kuɗin talla da shafin yake kawowa kuwa na mai suna da fuskar ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya aiki Anas ɗan Malik wata buƙata yana yaro, ya yi jinkirin komawa gida, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi wace buƙata ce, ya ce sirri ne. Ba ta ce ni na haife ka ba ka da sirri a gabana ba. Cewa ta yi kada ka faɗa wa kowa sirrin Manzon Allah. Uwa ke nan da ƙaramin yaro, ina ga ɗan baffa da saurayi ɗan shekara 20. Fasfo ma gwamnati ce ta ba shi da sunansa da hotonsa, riƙe shi don a hana shi motsi sai da yardarka tsare mutum ne ba da haƙƙi ba.

Karin maganar rimi gaskiya ce a inda take. Babba ya ga jiya, ya ga yau. Amma amfanin hangen babba shi ne ya faɗa wa yaro abin da ya hango, sannan ya bar shi ya taka da ƙafarsa. Dubi yadda Manzon Allah ya yi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa an kawo masa abin sha ya sha, a damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Sai ya ce wa yaron, ka yi mini izini in ba waɗannan? Yaron ya ce a'a, ba zan fifita kowa a kan rabona daga gare ka ba. Sai Annabi ya danƙa masa ƙwaryar a hannu. Duk lokacin da na karantar da wannan hadisi sai na tsaya. Shugaban halitta ne yake neman izinin yaro a kan kurɓin abin sha, yaron ya ƙi a gaban manya, kuma ba a ce ya yi rashin kunya ba, aka ba shi haƙƙinsa. Mu kuwa a zango, saurayi ya durƙusa ya nemi katin albashinsa sai a ce ya fi ƙarfin mutane. Usama ɗan Zaid bai kai shekara 20 ba aka ba shi jagorancin runduna a shekara ta 11 bayan hijira, da wasu suka soki lamarin Annabi ya tsawatar musu. Malaman tarihi sun kawo cewa Abubakar, yana halifa, da ya so Umar ya zauna tare da shi a Madina, sai da ya nemi izinin Usama. Annabi Ibrahim ma, da umarni ya zo masa a mafarki, ya gaya wa ɗansa ya ce ka duba me ka gani, kamar yadda yake a aya ta 102 ta Suratus Saffat.

Akwai kuma abin da ya shafi sana'ar kanta. Ƙwallo gajeren zamani gare ta. Babban filin wasan garin nan sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, mutumin da ya yi tashe a Asante Kotoko da ƙungiyar ƙasa, haɗarin mota a 1963 ya raba shi da fili yana kan ganiyarsa, ya rasu a 1969, Allah ya jiƙansa. Yaron da bai koyi riƙe sidi ɗari, kuɗin Ghana, da hannunsa yau ba, ranar da dubbai suka zo a ƙasar da ba ka nan, ko ranar da gwiwa ta ƙi, wa zai riƙe masa? Idan taimakonsa kake so, ga inda hangenka zai yi amfani. Ka ce masa ya tabbatar wakilin yana da lasisin FIFA, domin tun 2023 aka dawo da tsarin jarrabawa da lasisi ga wakilan 'yan wasa. Ka tuna masa cewa yarjejeniyar ɗan wasa da wakili ba ta wuce shekara 2 a ƙa'idarsu. Ka raka shi wurin lauyan idan ya so, ko ya tuntuɓi ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallo ta Ghana. Wakilin da ka kawo kuma, idan ya yi maka alkawarin wani kaso a ɓoye, wajibi ne ka faɗa wa yaron, don mai ba da shawara amintacce ne, ba ya halatta ya ci riba a bayan wanda ya amince masa.

Mutanen unguwa da suke cewa ya butulce, su ma ina da magana da su. Tun da ɗan ƙwallo Mohammed Kudus ya fito daga unguwar Nima ta Accra ya kai ƙungiyar Ajax a 2020, ya wuce West Ham a 2023, duk yaron da ya iya taɓa ƙwallo sai a fara kallonsa kamar rijiyar unguwa. Ana cewa ɗa na kowa ne. Na kowa ne a wajen tsawatarwa da addu'a da kare shi daga miyagu, amma albashinsa da zaɓin ƙungiyarsa da wadda zai aura ba na majalisar masu shan ataya ba ne. Sanin mutum a talabijin bai halatta naman jikinsa ba. Giba a kansa giba ce, ɗaukar hotonsa yana cin abinci a watsa ba da izininsa ba cutarwa ce, yanke masa hukunci a ƙarƙashin hotonsa a kan rigimar gidan da ba ku san cikinta ba shiga sharo ba shanu ne. Tirmizi ya ruwaito cewa yana daga kyawun musuluncin mutum ya bar abin da ba ruwansa. Haka masu tare shi a gidan suna ko ɗaurin aure, a kira sunansa a lasifika a gaban jama'a don ya ji nauyi ya zuba kuɗi. Dukiyar musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma malamai sun ce abin da aka karɓa da takobin kunya hukuncinsa hukuncin ƙwace ne. Wannan ya haɗa da mu malamai da kwamitocin masallatai, kada mu cire kanmu. Abin da na faɗa kan ɗan ƙwallo shi ne kan yaron da ya yi fice a musabaƙar Alƙur'ani ana yawo da shi wurin taro ana karɓar kyautarsa, da yarinyar da ta yi suna a ɗinki ko girki a intanet.

Shi kuma yaron, idan wannan amsa ta kai gare shi: ɗana, an ba ka haƙƙinka, ba a sauke maka nauyinka ba. Ciyar da mahaifiyarka idan ba ta da shi wajibi ne a kanka, yana cikin littafin Risala na fiƙihun Malikiyya a sarari. Baffanka kuwa, Annabi ya ce game da Abbas, baffan mutum tamkar mahaifinsa ne, reshe biyu daga tushe ɗaya, Muslim ya ruwaito. Bai mallaki aljihunka ba, amma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ka yanka masa wani abu daga samunka da hannunka tun bai tambaya ba, ka ci gaba da durƙusa masa, ka riƙa kai masa shawara ko da a ƙarshe ra'ayinka za ka bi. Kuma cin gashin kai bai halatta haram ba. Ranar da kamfanin caca ko na giya ya zo da kwantaragin talla, ko aka ce a je wurin boka kafin wasa, baffanka yana da cikakken ikon ya ce maka ka ji tsoron Allah, kai kuma dole ka saurara.

Alhaji, in da hali zai canja nan gaba, Allah ya kiyaye, ya zama mai watsa dukiya a fili, ko a lokacin ba kai kaɗai za ka ƙwace ba. Mayar da takunkumi a kan baligi aikin mai hukunci ne, sai a bi ta hannun mahaifiyarsa da dattawan dangi da limami, in ta kama a je ga hukuma.

Abin da za ka yi yanzu shi ne ka sa rana a cikin makon nan. Ka kira mahaifiyarsa da mutum biyu adilai, domin ayar ta ce idan kun miƙa musu dukiyoyinsu ku kafa shaidu. Ka fito da lissafin abin da ya shiga asusun tun albashin farko da abin da ya fita. Abin da aka kashe a kansa da mahaifiyarsa da ƙanwarsa, da ladan wahalarka gwargwado, ya wuce. Abin da ya shiga jarin shagonka ko hidimar gidanka fiye da haka bashi ne a kanka, sai in ya yafe. Ka fara miƙa masa katin da fasfon, ɗanka ya ba shi lambobin sirrin shafukan ya sauya su, sannan a buɗe littafin lissafi. Idan za ka nemi yafiya a kan wani abu, ka neme ta daga baya ku biyu, ba a gaban shaidun ba, domin yafiyar da aka yi kati yana hannunka ko idon manya yana kansa ba za a tabbatar daga zuciyarsa ta fito ba.

Allah ne mafi sani.